Wa Ya Faɗa? Tarihin Labari da Masu Kawo Shi a Ƙasar Hausa



An nemi in yi magana a kan inda mutanenmu suke samun labari, da yadda suke auna shi kafin su yarda da shi. Da na zauna shirya wannan lacca sai na ga al'amarin duka ya taru a cikin tambaya guda, wadda kowannenmu ya sani tun yana yaro. Idan ka shigo zaure da labari mai nauyi, kamar rasuwar sarki ko tashin farashin hatsi, kafin kowa ya ce uffan sai dattijon wurin ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya faɗa?" Abin da nake so in nuna shi ne, tun zamanin fatake har zuwa zamanin wayar hannu, Bahaushe da mai kawo labari yake auna labari. Kowace sabuwar hanya da ta shigo ƙasar nan, takarda ce ko akwati, sai da ta sami mutumin da aka sani ya tsaya mata kafin a amince da ita.

Bari mu fara da zamanin da Turawa ba su zo ba. A lokacin nan labari yana da ƙofofi biyu manya, watau fada da kasuwa. Na fada shi ne wanda mai shela yake kewaya gari da shi, ko sankira ya faɗa a bainar jama'a, kuma ba a musunsa domin kowa ya san bakin wa aka ara. Tsakanin gari da gari kuwa akwai manzanni da wasiƙu. A Daular Sakkwato wasiƙun sarauta da Larabci ake rubuta su, a buga musu hatimi, kuma ofishin Waziri ne yake kula da yawancin abin da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas. Hatimin nan da fuskar manzon da ya kawo takarda su ne shaida.

Labarin kasuwa ya fi na fada nisan zango. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro, da Larabawan Gadamas da Tarabulus da suke sauka Kano, da alhazan da suke shafe shekaru a hanyar Makka ta ƙasa, da almajiran da suka tafi gabas neman karatu, kowa yakan dawo da guzurin abin da ya gani da abin da ya ji. Kada mu ɗauka mutanen wancan zamani a cikin duhu suke. Sa'ad da Baturen nan Kilafaton ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, sa'an nan ya sake komowa bayan shekara biyu, ya tarar labarin yadda Ingilishi suka mallake Indiya ya riga shi isowa, kuma mutane sun auna zuwansa da wannan labari. Waɗanda suka yi masa zaton ɗan leƙen asiri ba su yi wauta ba, in muka tuna abin da ya faru a Kano da Sakkwato a 1903.

To, da me suke tace wannan labari mai yawa? Da farko akwai ma'aunin gargajiya, wanda ya fifita ganau a kan jiyau, shi ya sa ake cewa gani ya kori ji. Harshen kansa ya tanadi sunaye ga labarin da ba shi da uba: ji-ta-ji-ta, shaci-faɗi, ƙanzon kurege. Na biyu kuwa, wanda a ganina ba mu cika ba shi haƙƙinsa ba, shi ne tasirin ilmin hadisi. Malaman zaure sun karantar da cewa kowace magana tana da isnadi, watau jerin mutanen da suka karɓo ta hannu da hannu, kuma idan mutum guda a jerin maƙaryaci ne, ko mai yawan mantuwa, ko ba a san shi ba, maganar ta raunana. Sun kuma karantar da tawaturi, watau labarin da ya zo ta hanyoyi masu yawa waɗanda ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. Talakan da bai taɓa buɗe littafin hadisi ba ya sha wannan tarbiyya a wurin wa'azi, har ta zame masa jiki. Idan madugu ya faɗi magana, fatoma ya maimaita ta, sa'an nan wani alhaji da ya biyo wata hanya dabam ya zo da irinta, sai a ce magana ta tabbata.

Zuwan Turawa ya kawo abubuwa biyu da suka rikita wannan tsari, wayar tangaraho da takardar boko. Waya ta fi kowane doki sauri, amma tana hannun Razdan da Di'o, ba ta hannun jama'a. Takardar boko kuwa ba ta da fuska, ba ta da hatimin da aka sani, ga shi kuma da haruffan Nasara aka rubuta ta. Gwamnati ta gwada fitar da wata jarida a farkon shekarun 1930, mai suna Jaridar Nijeriya ta Arewa, da Hausa da Larabci da Ingilishi, amma ba ta wuce hannun sarakuna da ma'aikatan En'e ba, don kusan duk abin da ke cikinta sanarwar hukuma ce.

Nan ne za mu ɗan dakata a kan Gaskiya Ta Fi Kwabo, gama a kanta ne aka fara warware wannan matsala. An fara buga ta a Zariya a watan Janairu 1939, ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East na Hukumar Talifi, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. Dalilin kafa ta shi kansa darasi ne. Yaƙin duniya na biyu yana ƙaratowa, Hitila yana neman a mayar wa Jamus ƙasashen da ta rasa a Afirka, sai ji-ta-ji-ta ta bazu a Arewa cewa Ingilishi za su miƙa ƙasar nan ga Jamus. Gwamnati ta gane ba ta da bakin da za ta musa wannan magana da shi a ji. Watau ke nan jaridar Hausa mafi tsawon rai ji-ta-ji-ta ce ta haife ta. Sunan da aka raɗa mata kuwa ciniki ne a fili: ka ba da kwabo ɗaya, a ba ka abin da ya fi shi daraja.

Amma suna ba ya sa a yarda da mutum. Abin da ya sa aka yarda da Gaskiya, a nawa nazarin, shi ne Abubakar Imam. Mutumin Kagara ne, ɗan gidan malamai, wanda ya yi karatun allo kafin ya shiga Kwalejin Katsina, kuma jama'a sun riga sun san shi ta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Yana rubuta labarin yaƙin Turai da Hausar da ake yi a zaure, da karin magana da zaurance, har mai sauraro ya manta takarda ake karanta masa. Na ce mai sauraro da gangan, domin a lokacin waɗanda suka iya karatun boko kaɗan ne ƙwarai. Kofi guda yakan zagaya unguwa. Malamin makaranta ko magatakardan hakimi ya zauna ya karanta, mutane goma ko ashirin suna ji. Ta haka takardar da ba ta da fuska ta sami isnadi: wane ya karanta mana, daga Imam, daga Zariya.

Akwai kuma filin wasiƙun masu karatu, inda mutane suke kawo kuka a kan abin da ya dame su, har da halin wasu ma'aikatan En'e. Jaridar gwamnati da take buga koke a kan hukuma ta nuna wa mai karatu cewa ba kullum take faɗin abin da ubangidanta yake so ba, kuma babu abin da yake jawo wa mai ba da labari amana kamar a gan shi ya faɗi gaskiyar da ba ta yi masa daɗi ba. Imam da kansa, da ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga, ya zayyana masa illolin mulkin da shi Luggan ya kafa.

Wannan amana ba ta tsira daga siyasa ba. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, magoya bayanta sun ɗauki Gaskiya da 'yar'uwarta ta Ingilishi, Nigerian Citizen, a matsayin bakin sarakuna da jam'iyyar NPC, suka karkata ga jaridun Azikiwe irin su Comet. Daga nan mai karatu ya koyi tambaya ta biyu, ya ɗora a kan ta kakanninsa: ban da wa ya faɗa, wa yake ciyar da wanda ya faɗa?

Jarida, duk da haka, ba ta taɓa zama abincin kowa ba. Hukumar NORLA ta fitar da ƙananan jaridun larduna a shekarun 1950 lokacin Yaƙi da Jahilci, irin su Sodangi a Kano da Himma a Katsina, daga baya kuma kamfanin Triumph na Kano ya buga Alfijir da ajami, amma abin da ya mamaye ƙasar Hausa da gaske shi ne rediyo. Ta fara da akwatin da ake jawo wa waya daga tasha a manyan garuruwa a shekarun 1940, wanda tasha guda kawai yake kamawa. Da ƙaramar rediyo mai batir ta yi arha a shekarun 1960 sai ta shiga gona, ta shiga ruga, ta hau kan keke. Rediyo ta dace da mu domin murya ce. Ta komo da labari cikin kunne, inda ya saba zama. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tata tashar a Kaduna a 1962. A Jamhuriyar Nijar ma an kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo a farkon shekarun 1960, inda mutanen ƙauye suke taruwa su ji shiri, su tattauna, a naɗi maganarsu a mayar gidan rediyo.

Ran 15 ga Janairu 1966 mutanen Arewa suka koyi wani darasi mai ɗaci game da wannan akwati. Tashar da Sardauna ya gina, ta cikinta Manjo Nzeogwu ya yi jawabi a ranar da aka kashe Sardaunan. A Yuli 1975 ta rediyo aka sanar da tuɓe Janar Gowon yana taro a Kamfala. Ran 13 ga Fabrairu 1976 Laftana-Kanar Dimka ya shiga gidan rediyon Ikko ya ce ya karɓi mulki, alhali bai karɓa ba, ko da yake ya riga ya kashe Janar Murtala. Jama'a suka gane muryar gidan rediyon gwamnati ta wanda ya riƙe ƙofar gidan ce a wannan safiya. Ga kuma dokokin soja, irin Doka ta 4 ta 1984 wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian da ita, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Wanda ya ga haka ya san akwai abin da ɗan jaridar gida ba zai iya faɗa ba ko da ya sani.

Shi ya sa kunnuwa suka juya waje. Sashen Hausa na BBC ya fara ran 13 ga Maris 1957 da shirin minti 15, ta bakin Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. Muryar Jamus da Rediyon Sin suka biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, ban da Masko da Alƙahira da Tehran. Ban san wani harshe na Afirka ta Yamma da manyan ƙasashe suka yi rububinsa haka ba. Kada kuwa mu yi zaton sadaka suke yi. Ma'aikatar harkokin waje ta Ingila ce ta riƙa biyan kuɗin shirye-shiryen BBC na ƙetare har 2014, Muryar Amurka kuma da kuɗin gwamnatin Amurka aka kafa ta, kuma yawancin waɗannan sassa 'ya'yan yaƙin cacar baka ne. Mai sauraro a Gusau ko Maraɗi ya san da haka sarai. Dabarar da ya yi ita ce ta kakanninsa: ya ji Landan da asuba, ya ji Jamus da rana, ya ji Amurka da dare, ya haɗa da Kaduna, inda suka yi daidai ya riƙe, inda suka saɓa ya jira. Tawaturi ke nan da batir. Ya kuma san masu gabatarwa da sunayensu da garuruwansu, yana rubuta musu wasiƙa kamar 'yan'uwa. Sai dai dabarar tana da rauni guda da bai cika lura da shi ba: sau da yawa tashoshin nan huɗu daga kamfanin dillancin labarai guda suka samo labarin, don haka baki huɗu ne amma shaida ɗaya.

Ina roƙon ma'aikatan gwamnati da ke nan su saurari misalin da ke tafe da kyau. Ran 23 ga Nuwamba 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Sa'udiyya jiyya. Kwana 50 ba wanda ya ji muryarsa, jami'ai suna ta cewa yana samun sauƙi, gari kuwa ya cika da cewa ya rasu. Abin da ya kwantar da maganar shi ne gajeriyar hirar da ya yi da BBC ta waya ran 12 ga Janairu 2010. Ku duba wannan al'amari: ƙasa mai gidan rediyo da talabijin a kowace jiha, amma da shugabanta ya so a yarda yana raye, sai da ya aro bakin Landan. Kowace sanarwar "yana samun sauƙi" da aka yi a kwanakin nan ta ci wani abu daga jarin amanar hukuma, kuma wanda ya gaji ofishin shi yake biyan bashin.

Irin wannan bashi ne aka biya a rikicin rigakafin shan inna. A 2003 magana ta bazu cewa an gurɓata maganin domin a hana 'ya'yan Musulmi haihuwa, har Jihar Kano ta dakatar da rigakafin. Masana sun yi gwaji sun ce maganin lafiya lau yake, kuma gaskiya suka faɗa. Amma mutanen Kano suna tune da 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani a kan yara kimanin 200, aka yi ta shari'a a kai shekara da shekaru. Ma'aunin nan na duba mai magana da tarihinsa, wanda ya sha kare jama'a, a wannan karo ya kai su ga kuskure, yara suka shanye, cutar kuma ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yawan sanarwa a rediyo bai warware matsalar ba. Kano ta koma rigakafi a Yuli 2004 bayan an samo maganin daga Indunisiya, ƙasar Musulmi, daga baya kuma aka sa sarakuna da malamai a gaba, mutane suka ga ana ɗiga wa 'ya'yan manya. Sai a Agusta 2020 aka tabbatar an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka.

An ba da izinin kafa tashoshi masu zaman kansu a 1992, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, talaka ya sami inda zai bugo waya ya faɗi ra'ayinsa. Wayar hannu ta shigo a 2001, bayanta intanet da Facebook da WhatsApp. Ba zan daɗe a nan ba, kun fi ni sanin abin, sai dai in nuna inda yake karo da tsohon ma'auninmu. Saƙon da ya shigo wayarka daga hannun yayanka ya zo, ko limamin unguwarku, ko abokin aikinka, mutanen da ba ka taɓa kama su da ƙarya ba. Idan ka tambayi wa ya faɗa, amsar tana da daɗin ji. Amma shi yayan naka tura maka kawai ya yi. Mutum na ƙarshe a isnadin amintacce ne, duk na bayansa ba a san su ba. Kuma idan saƙo guda ya zo maka daga mutane 10, sai ya yi kama da tawaturi, alhali wataƙila yaro ɗaya ne ya ƙaga shi a ɗakinsa.

Mun ga aikin wannan a Agusta 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Ikko. Cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Iyaye suka tashi 'ya'yansu kafin asuba, 'yan'uwa suna bugo wa juna waya saboda ƙauna. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu saboda shan gishirin, wasu da dama suka kwanta asibiti, alhali cutar kanta, wadda ta kashe mutum 8 a Nijeriya, ba ta wuce Ikko da Fatakwal ba. Bayan shekara huɗu, a Disamba 2018, sai da Shugaba Buhari ya tsaya a gaban 'yan Nijeriya a ƙasar Folan ya ce shi ne shi, domin maganar da ta bazu cewa ya rasu an musanya shi da wani mutumin Sudan.

Tsofaffin shaidun da ake komawa gare su kuma suna raguwa. Gwamnatin sojan Nijar ta dakatar da Rediyon Faransa a Agusta 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. A Maris 2025 gwamnatin Amurka da kanta ta tsayar da aikin Muryar Amurka, masu sauraron sashen Hausa suka murɗa akwati ba su ji shirye-shiryen da suka saba ji ba. Dattijon da ya saba auna tasha huɗu sai ya wayi gari da biyu.

A Satumba 2021 hukuma ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga, abin ya ɗauki makonni. Mutanen Gusau da suke da 'yan'uwa a Kano ko Kaduna suka koma rubuta wasiƙa, su kai tashar mota, su damƙa wa direban da suka sani. Wasu sukan yi tafiya zuwa wata jiha don kawai su buga waya. Da yamma kuwa, idan mota ta shigo tasha, akan kewaye direba ana tambayarsa halin da hanya take ciki, wane ƙauye aka shiga, wa ya gani da idonsa, kamar yadda ake yi wa madugu a zango shekara 150 da suka wuce.